Jirgin Abuja zuwa Kaduna: asalinsa da abin da ke yanke masa lokaci

Tambaya: Wani mai karatu daga Kaduna, wanda aiki ke kai shi Abuja kusan kowane mako, ya rubuto yana cewa: an ce mana jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na zamani ne mai gudu, to me ya sa yake cin awa biyu da wani abu, wani lokaci har uku, a tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba? Me ya sa ba ya tafiya da dare? Tunda kullum tikiti ƙarewa yake yi, me ya hana a ƙara sawu? Yana kuma son jin yadda aka faro shi.

Amsa: Malam, tambayoyin naka da yawa amma tushensu ɗaya ne. Lokacin da jirgin fasinja ke ci tsakanin gari da gari ba ƙarfin injinsa kaɗai ke yanke shi ba. Akwai yawan dogon da aka shimfiɗa, akwai wuraren da jirage biyu za su iya wuce juna, akwai adadin taragun da suka kwana lafiya, sannan akwai awannin da aka yarda a yi tafiya a cikinsu. Daga waɗannan ake fitar da jadawali, jadawalin kuwa shi ne abin da kai fasinja kake saye da kuɗinka. Bari mu faro daga tarihi, domin rabin amsar tana can.

Tsohon layin dogon da Turawa suka shimfiɗa bai bi ta Abuja ba, don a lokacin babu birnin. A 1907 aka fara aikin layin Baro zuwa Kano, jirgi ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma layin da ya taso daga Legas ya haɗu da shi a Minna. Daga nan dogon ya bi ta Kaduna da Zariya. Don kaya aka yi shi: gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, da kuzar Jos. Faɗinsa milimita 1,067 ne, kuma don a rage kashe kuɗi aka bar shi yana zagaye tuddai maimakon ya fasa su, shi ya sa lanƙwasa ta yi masa yawa. A kan irin wannan dogo jirgi ba ya iya sakin jiki ya yi gudu. Ko da aka gyara shi aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a Disamban 2012, tafiyar ta kilomita 1,126 tana cin awa talatin ko fiye. Wancan jirgin kwana ne, ka shiga da tabarma da guzuri. Wanda kake tambaya a kai wani nau'i ne daban, jirgin wuni, na kujeru kawai, wanda ake so mutum ya je ya gama hidimarsa ya dawo gida ya kwana. Tsarin ya daɗe a duniya. Tun 1862 akwai jirgin da ke barin Landan da ƙarfe goma na safe zuwa Edinbura, wanda daga baya ya shahara da sunan Flying Scotsman. Indiya ma ta kafa jiragenta na Shatabdi a 1988 a kan wannan sharaɗi na a je a dawo a yini guda.

Gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, aka kuma shafe kusan shekara ashirin da biyar babban birnin ƙasa ba shi da jirgin ƙasan da zai kai mutum wani gari. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar sabon layi tun daga Legas har Kano a kan dala biliyan 8.3. Da 'Yar'aduwa ya hau aka dakatar da aikin saboda babu tsayayyar hanyar biyan kuɗin, daga baya aka yanke shawarar a gutsura shi kashi-kashi, a riƙa yi gwargwadon aljihu. Kashin farko da aka zaɓa shi ne Abuja zuwa Kaduna. A Disamban 2010 aka sa hannu kan rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, aiki ya kankama a Fabrairun 2011 zamanin Jonathan, aka gama shimfiɗa dogo a ƙarshen 2014, Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 26 ga Yuli 2016. Jimillar kuɗin ta haura dala miliyan 870. Masu gardamar siyasa har yau suna jayayya kan aikin wane ne. Shugabanni huɗu ya ratsa, kowa da inda ya sa hannu, ni dai ban ga abin jayayya a nan ba.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne, ba a zauna aka zana wannan layi don ma'aikacin da ke son ya yi sammako daga Kaduna ya shiga ofis a Abuja ba. Gutsure ne na doguwar hanyar Legas zuwa Kano, aka gama shi shi kaɗai, aka ce ya fara aiki kafin sauran su iso. Wannan ya bayyana abubuwa da dama. Tashar Abuja tana Idu, can unguwar masana'antu a yammacin birni, ta Kaduna kuma tana Rigasa a ƙaramar hukumar Igabi. Ga layin da zai wuce gaba zuwa Kano da Legas, gefen gari ya fi sauƙin bi, ba rusau ba biyan diyya mai yawa. Ga fasinjan wuni kuwa ƙarin wahala ne, domin kafin ka ƙirga awa biyun jirgi sai ka ƙirga lokacin zuwa Rigasa, da jiran tantancewa, da na fita daga Idu ko Kubwa zuwa cikin gari. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis ba wuya tafiyar ta kai awa huɗu.

Da farko ma jirgin bai cika ba sosai. Abin da ya cika shi tsoron hanya ne. Garkuwa da mutane ta yi ƙamari a titin Abuja zuwa Kaduna, musamman wajajen Rijana da Katari, har manya masu jiniya suka ajiye motocinsu suka koma layin tikiti. Sai kuma aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida daga 8 ga Maris 2017 don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, mutane da yawa suka ɗanɗana jirgin ƙasa a karon farko. A Janairun 2018 Buhari ya je Rigasa ya ƙaddamar da ƙarin taragu goma da kawunan jirgi biyu, duk da haka ana ganin mutane a tsaye a cikin tarago. Wato buƙatar da ta sauko wa layin ta wuce wadda aka tanadar masa, kuma ta zo ne ta dalilin da masu zanensa ba su lissafa da shi ba.

Yanzu ga batun gudu. Tsawon layin kilomita 186 ne, faɗin dogon milimita 1,435, wanda shi ne ma'aunin da yawancin duniya ke amfani da shi. An tsara shi ya iya ɗaukar gudun da ya kai kilomita 150 a awa, amma a aikace jiragen sun fi tafiya a wajen 100 ko ƙasa da haka. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. Idan jirgi ya riƙe 150 tun daga Idu har Rigasa ba tsayawa, awa ɗaya da kwata zai yi. Idan 100 ya riƙe, awa biyu saura minti takwas. Duk ranar da ka ga kun ci awa uku, to matsakaicin gudunku bai wuce 62 ba. Kuma kada a ruɗe ka da kiransa jirgi mai gudun tsiya. Irin wancan a Afirka sai Maroko, inda Al Boraq, da aka buɗe a Nuwamban 2018, ke kaiwa kilomita 320 a awa, yana haɗa Tanja da Kasabalanka cikin awa biyu da minti goma. Namu jirgin man gas ne na yau da kullum a kan sabon dogo, kuma wannan ba abin kunya ba ne, ƙasashe da yawa da irinsa suke rayuwa.

Me ke cinye bambancin da ke tsakanin lissafin takarda da abin da agogonka ke nunawa? Na farko tsayawa. Tsakanin Idu da Rigasa akwai tashoshi bakwai: Kubwa, Asham, Jere, Gidan, Rijana, Dutse da Kakau. Jirgi ba mota ba ne da za a taka birki ta tsaya nan take. Ƙarfe ne ke birgima a kan ƙarfe, ga nauyin ɗaruruwan tan, don haka mai gudun 100 yana buƙatar abin da ya kusa kilomita guda kafin ya tsaya cak, sannan yana ɗaukar mintuna kafin ya koma gudunsa. Ko minti biyu kawai ya yi a tasha, asarar da ya yi ta kai biyar. Ninka biyar sau bakwai, ka ga sama da rabin awa ta tafi. Wannan ne bambancin jirgin kai-tsaye da mai tsaye-tsaye: na farko ya tsaya Kubwa ya ɗauki mutane ya miƙe, ya isa cikin kimanin awa biyu, na biyu kuma ya bi tasha-tasha ya kai biyu da rabi. Injinsu iri ɗaya ne, dogo ɗaya suke bi.

Na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi, layin falle ɗaya ne. Na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 biyu aka shimfiɗa, mai zuwa da nasa, mai dawowa da nasa. Na Abuja zuwa Kaduna kuwa dogo guda ne, sai a tashoshi ne yake rabuwa biyu na ɗan taƙi sannan ya sake haɗewa. Kamar siririyar hanyar gona ce da jakuna biyu masu mangala suka yi kiciɓis, dole ɗaya ya ratse ya jira. Duk jirgin da ya taso daga Rigasa yayin da wani ya taso daga Idu, sai an tsara musu tashar da za su haɗu, ɗaya ya shiga layin gefe ya tsaya har ɗayan ya wuce. A takarda ana sa su iso kusan tare, jiran ya zama na 'yan mintuna. Amma a ce na Idu ya makara da minti ashirin saboda tantance fasinja ta ja lokaci. Na Rigasa, wanda ya tashi a kan kari, zai iso mahaɗa ya tarar ba kowa, kuma ba shi da ikon wucewa, domin ƙa'idar farko ta aikin jirgin ƙasa ita ce jirage biyu ba sa shiga yanki ɗaya na dogo a lokaci guda. Mai kula da zirga-zirga yana da zaɓi biyu: ya bar shi ya jira, ko ya tura shi tasha ta gaba ya mayar da jiran kan wanda ya makara, wanda hakan zai ƙara masa makara. Ko ta ina aka bi, wani zai biya. Wannan ita ce tsayuwar da kake gani a tsakiyar daji, babu mai hawa babu mai sauka, mutane suna ta leƙe ta taga suna tambayar ko inji ne ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwansa yake jira. Makarar safe kuma ba ta mutuwa da safe, tana bin taragun nan har sawun yamma, tunda su ɗin ne za su juyo.

Na uku, umarnin rage gudu. Duk inda masu duba dogo suka ga tsakuwar da ke ƙarƙashi ta zaizaye bayan ruwan sama, ko ɓarayi sun kwance ƙarafan da ke ɗaure dogo a jikin gungumen siminti, ko an yi sabon gyara da bai gama zama ba, sai a rubuta wa direba cewa daga kilomita kaza zuwa kaza kada ya wuce gudu kaza. Guda ɗaya ba ya cin lokaci sosai. Idan suka taru goma ko sha biyar a hanya ɗaya, jirgin ba ya samun inda zai miƙe ya yi gudu. Ga kuma shanu da mutane masu tsallaka dogo. Direban da ya rage gudu a irin waɗannan wurare aikinsa yake yi yadda ya kamata, wanda ya kamata a tambaya shi ne mai alhakin gyara wurin a ɗage umarnin. Wuraren sauya layi a bakin tashoshi su ne suka fi son kulawa, don a nan ne ƙarfe ke motsi, kuma a layi falle ɗaya kullum cikin aiki suke. Jirgi ya sauka daga dogo kusa da Kubwa a Janairun 2023, ya sake sauka a tashar Asham ranar 26 ga Agusta 2025. Allah ya kiyaye ba a rasa rai a na Asham ba, amma sai da zirga-zirga ta tsaya sama da wata guda.

Sai maganar ƙara sawu. A nan lissafin taragu ne. Ɗauki jerin taragu guda da kansa. Tafiya awa biyu da kwata. Da ya isa, a sauke mutane, a share, a duba birki da ƙafafu, a duba janaretan da ke ba da wuta da sanyi, in da buƙata a sha mai, sannan a kwance kan jirgin a zagayo da shi ta layin gefe a ɗaura shi a ɗaya ƙarshen, a shigar da sababbin fasinja. Minti arba'in da biyar ke nan in komai ya tafi daidai. Kowane sawu ya tashi awa uku. Hasken rana a wannan yanki awa goma sha biyu ne, ya ɗan ƙaru da damina ya ɗan ragu da hunturu. Saboda haka jeri ɗaya ba zai wuce sawu huɗu a wuni ba, zuwa biyu dawowa biyu, shi ma in ba a bar sararin ko-ta-kwana ba. In tafiyar ta koma awa uku, sawu uku ne da ƙyar. Ka ga yadda rage gudu ke rage yawan kujeru, ba lokaci kaɗai yake ci ba. Akwai nau'in jirgin da injinsa ke jikin taragun, mai wurin direba gaba da baya, an kuma kawo irinsa wannan layi. Amfaninsa shi ne ba a kwance kai, direba ne kawai zai taka zuwa ɗaya ƙarshen, a rage mintunan juyawa.

Mai hankali ba ya fitar da duk abin da ya mallaka kan hanya. Dole a bar kai ɗaya a ajiye don ranar da wani zai mutu a daji, dole kuma kowane tarago ya shiga gareji a kan lokacinsa. Shi ya sa aka saba rage zirga-zirga ranar Laraba don duba kaya. Akwai wata matsala kuma da fasinja ba ya gani: wannan layi a keɓe yake, bai haɗu da kowane dogon tsakanin garuruwa mai faɗinsa ba. Tsohon layin da ya ratsa Kaduna matsattse ne, jirgin wannan ba ya hawa wancan. Sabon na Legas kuma a Ibadan ya tsaya, kashin Ibadan zuwa Abuja ba a yi shi ba. In kai ya lalace a Idu, ba za a ce a aro wani daga Legas ya taho da ƙafarsa ba, sai dai a ɗora shi a bayan babbar mota a biyo titi da shi. A ƙasashen da layukansu ke haɗe, aron kai ko tarago aikin dare ɗaya ne.

To, dare fa? Da can yana taɓa dare. Jiragen da ke tashi daga Abuja ana ba su lambobi AK1, AK3, AK5 haka, masu tasowa daga Kaduna kuma KA2, KA4. Wanda aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022 shi ne AK9, wato sawu na biyar daga Abuja a ranar, wanda ya bar Idu wajen ƙarfe shida na yamma. Wajen takwas saura kwata na dare 'yan bindiga suka tayar da nakiya a kan dogo a yankin Katari zuwa Rijana, suka buɗe wa jirgin wuta. Hukumar jiragen ƙasa ta ce mutum 362 aka tantance sun shiga. Aƙalla takwas suka rasu, Allah ya jiƙansu, aka tafi da sama da sittin daji, rukunin ƙarshe na mutum 23 bai fito ba sai 5 ga Oktoba. Kuma ba a ce babu gargaɗi ba, domin a Oktoban 2021 an riga an fasa dogo da nakiya tsakanin Dutse da Rijana. Bayan harin, ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito fili ya ce ya nemi a amince a sayo na'urorin sa ido na kimanin naira biliyan uku ba a amince ba.

Sai ranar 5 ga Disamba 2022 jirgin ya dawo, bayan wata takwas. Ya dawo da sawu biyu kacal ta kowane ɓangare, na farko daga Rigasa ƙarfe takwas na safe, na ƙarshe daga Idu uku da rabi na yamma, don ya shiga Kaduna kafin magariba. Hujjar a fili take. Da rana direba yana hango dogo daga nesa, masu sintiri suna ganin abin da aka taɓa, in jirgi ya tsaya a daji ana iya kai masa ɗauki da ido biyu. Ban ga laifin wanda ya yanke wannan hukunci a wancan lokaci ba. Amma a ganina asarar jirgin yamma ta fi asarar gudu ciwo. Dalilin kafa jirgin wuni tun asali shi ne mutum ya je ya dawo. Ma'aikacin da ke tashi ƙarfe huɗu, ko wanda ya je ma'aikata neman sa hannu aka ce ya dawo bayan azahar, jirgin uku da rabi bai yi masa rana ba. Ko ya kwana a Abuja ya biya masauki, ko ya hau titin da ya guda. Da za a ba ni zaɓi tsakanin a rage rabin awa a tafiya da a dawo da sawun ƙarfe shida cikin aminci, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Abin da zai dawo da shi kuwa ba sabon inji ba ne. Sintiri ne na kullum a kan dogo, da sadarwar da ba ta yankewa tsakanin direba da tasha, da na'urar da za ta sanar in an taɓa ƙarfe, da jami'an tsaron da za su iya isa kowane kilomita cikin ɗan lokaci, da kuma mutanen ƙauyukan da layin ya ratsa su ga cewa suna da rabo a cikinsa. Jirgin da ke wuce ƙauye a guje bai taɓa tsayawa ya ɗauki ɗan garin ba, da wuya ɗan garin ya tashi tsakar dare don ya kare shi. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba na goyon bayan a soke mai tsaye-tsaye gaba ɗaya, duk da mintunan da yake ci.

Tikiti kuma, ƙarancin kujeru ne ya haifi cuwa-cuwa. A Janairun 2021 aka fara sayarwa ta intanet, daga Disamban 2022 kuma aka wajabta lambar NIN, kuma duka biyun sun taimaka, ko ba komai an san wanda ke cikin jirgi. Sai dai manhaja ba ta ƙera kujera. Muddin masu nema sun ninka kujerun da ke akwai, za a samu mai saye da wuri ya sayar da tsada. Farashi ya tashi daga naira dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa a kujera mafi arha zuwa 3,000 lokacin da aka dawo daga hutun korona a Yulin 2020, ya koma 3,600 a ƙarshen 2022. Mutane suna ƙorafi, kuma suna da hujja in aka dubi albashi. Ta ɗaya ɓangaren, da naira ake sayar da tikiti, kayan gyara da rancen da aka ci kuwa da dala ake biya, ga man gas da farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a 2022 kaɗai. A mafi yawan ƙasashe kuɗin fasinja ba ya biyan kuɗin gina dogo, in ya riƙe mai da albashi da gyara an gode Allah. Kaya ne ke kawo riba, wannan layi kuwa bai kai bakin teku ba, don haka babu kwantenar da za ta hau shi daga tashar jiragen ruwa.

A 2021 aka aza harsashin kashi biyu da suka shafe mu kai tsaye: Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu, mai kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sai Kaduna zuwa Kano a Yuli, mai kilomita 203. In na Kano ya haɗu da Rigasa, tafiyar Abuja zuwa Kano za ta zama kusan kilomita 390, wato awa huɗu da wani abu a gudun 100 in an haɗa da tsayawa a Kaduna da Zariya. Wannan tsayi ya fi dacewa da jirgin wuni, domin a nan ne zai yi wa mota fintinkau. Amma koma kan lissafinmu na ɗazu: jeri ɗaya zuwa ɗaya dawowa ɗaya kawai zai iya yi tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma duk jirgin Kano, da na kaya in sun fara, ta wannan dogo falle ɗaya na Rigasa zuwa Idu za su bi, su yi layi da na Kaduna a Jere da Rijana suna jiran juna. In ba a ƙara taragu ba, ba a tsawaita layukan gefe ko an shimfiɗa dogo na biyu ba, kujerar da kake nema yau daga Rigasa za ka tarar mutumin Kano ya riga ka zama a kanta.